Jagora kan gyaran fasfo da cikar shafukan biza ga matafiyan arewacin Kamaru

Mafi yawan masu fasfo a Garwa da Marwa da Ngaundere da Kusseri abu ɗaya suke dubawa kafin tafiya, wato ranar ƙarewar wa'adi. Alhali kuwa ta hanyoyi uku fasfo yake daina aiki: ko wa'adinsa ya cika, ko shafukan biza su ƙare, ko kuma a taɓa shi ta yadda jami'in kan iyaka zai daina yarda da shi. Na biyu da na uku su ne suke zuwa wa mutum ba shiri, domin babu ranar da aka rubuta musu, kuma galibi sai an sayi tikiti an yi sallama da iyali sannan maganarsu take tasowa.

Ƙa'idar da komai ya ginu a kanta ita ce fasfo takardar gwamnati ce, amana ce a hannun wanda aka rubuta sunansa a ciki. Babu wanda ke da ikon rubutu ko gogewa ko liƙi ko cire wani abu a cikinsa sai hukumar da ta bayar da shi, da ofisoshin jakadanci masu liƙa biza, da jami'an kan iyaka masu buga hatimi. A Kamaru babbar hukumar 'yan sanda ta ƙasa, DGSN, ita ce ke bayar da fasfo ta ofisoshinta na shige da fice da ake kira Emi-Immigration, a Cadi kuwa aikin yana hannun ANATS, hukumar da ke buga takardun shaida na ƙasar. Wakilin jirgin yawo, da mai shagon intanet da ke cike wa mutane takardu, da ɗan uwan da ya ce ya san wani a Yawunde, babu ko ɗaya daga cikinsu a wannan jeri.

Mataki na farko: duba fasfo tun ranar karɓa

Tun daga ranar 1 ga Yuli 2021 Kamaru ta koma sabon tsarin fasfo, inda ake fara rajista a shafin passcam.cm, a biya kuɗi, a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Kuɗin da aka tsayar a lokacin sefa 110,000 ne, wa'adin fasfon kuma shekara 5. Wannan kuɗi ba ƙarami ba ne a wajen mai sayar da albasa ko mai ɗinki, don haka bai kamata mutum ya karɓi littafin ya jefa a aljihu ya fita ba. Ka tsaya a nan cikin ofishin ka karanta shafin hotonka harafi bayan harafi, kana gwada shi da takardar haihuwarka da katinka na ɗan ƙasa: suna, ranar haihuwa, garin haihuwa, da alamar namiji ko mace. Idan ba ka karanta boko, ka tafi da ɗanka ko ƙanenka da zai karanta maka.

Daga nan ka duba layuka biyu na ƙasan shafin, waɗanda ke cike da alamomi masu kama da kibiya. Kowane layi yana da gurbi 44, kuma su na'urar filin jirgi take karantawa, bisa tsarin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal. Abin da ke cikin layukan nan yana nan kuma a cikin ɗan guntun lantarki da aka binne a jikin fasfon. Ke nan bayaninka yana wuri uku a littafi ɗaya, ban da kwafin da ke kwamfutar hukuma. Wannan shi ne dalilin da ya sa gyara da hannu ba ya yin aiki ko da an yi shi da gwaninta: wanda ya mayar da 1978 ta zama 1988 a saman shafi bai taɓa sauran wuraren ba, kuma na'ura za ta nuna saɓanin nan take.

Idan ka ga kuskure, ka faɗa wa jami'in kafin ka sa hannu a takardar karɓa, cikin ladabi: Yallaɓai, ga abin da ke takardar haihuwata, ga abin da aka buga. Kuskuren da ya fito daga wajen bugawa ya fi sauƙin magancewa a ranar, tun littafin bai bar ofis ba.

Mataki na biyu: gane inda kuskuren ya samo asali

A nan ne mutanenmu suka fi shan wahala, kuma a nan ya kamata a daɗe. Fasfo ba ya ƙirƙirar suna ko ranar haihuwa. Kwafe su yake yi daga takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Sunayenmu kuwa ma'aikatan rajista sun rubuta su da ƙa'idar Faransanci, kowa da yadda kunnensa ya ji. Muhammadu ɗaya zai iya zama Mohamadou a takardar haihuwa, Mahamat a takardar makaranta, Mamoudou a wata takardar. Umaru ya koma Oumarou, Hadiza ta koma Hadidja, Abubakar kuma a wani wurin aka taƙaita shi zuwa Bouba. Ga kuma dattawa da dama waɗanda takardunsu ba su da rana da wata, sai né vers da shekara kawai, wato an haife shi wajejen shekara kaza.

Idan fasfo ya yi daidai da takardar haihuwa, to a idon doka babu kuskure a cikinsa, ko da ba haka ake kiranka a gida ba. Shawarata ga wanda ke wannan hali ita ce ya rungumi rubutun da ke fasfon, ya riƙa amfani da shi a tikiti da takardar neman biza da asusun banki ba tare da ƙara ko rage harafi ba. Kada a sa Alhaji ko Hajiya ko Malam a tikiti idan babu su a fasfo. Idan wakilin jirgi ya rubuta sunanka ba daidai ba, tikitin ake gyarawa, kuma tun kafin ranar tafiya.

Idan kuwa kuskuren yana cikin takardar haihuwar ce, sai an bi ta kotu. Ana shigar da buƙatar gyara a kotun yankin da aka yi rajistar haihuwar, tare da shaidu da duk takardun da ke nuna gaskiyar magana, kuma da hukuncin alƙali ne ofishin magajin gari zai gyara rajista. Wanda ba a taɓa yi wa takardar haihuwa ba, shi ma hukuncin kotu yake nema, wanda ake kira jugement supplétif. Bayan takardar haihuwa sai katin ɗan ƙasa, bayan kati sai sabon fasfo. Tsallake wannan jeri ɓata kuɗi ne, domin jami'in fasfo ba zai buga abin da ya saɓa wa takardun da ke gabansa ba. Sauya suna ɗungurungum kuwa wani al'amari ne daban mai dokarsa tun 1969, kuma ba a kammala shi a ofishin fasfo. Macen da ta yi aure take son a sa sunan mijinta za ta kai takardar auren da aka ɗaura a gaban hukuma. Auren da aka ɗaura a masallaci kawai, duk da ingancinsa a addini, ba ya cikin rajistar da ofishin ke dubawa. Ba kuma dole ba ne ta sauya fasfo saboda aure, muddin tikitinta da bizarta suna ɗauke da sunan da ke cikinsa.

Akwai masu neman takardar haihuwa ta biyu don rage shekaru, saboda aiki ko makaranta ko ƙwallo. A da wannan yana wucewa, amma yanzu zanen yatsu ɗaya ba ya zama a ƙarƙashin suna biyu ba tare da kwamfuta ta gano ba, kuma wanda aka samu da haka yakan rasa kati da fasfo gaba ɗaya har sai an warware maganar. Haka nan 'yan uwanmu na bakin iyaka, masu dangi a Mubi ko Yola ko Gamboru, su sani cewa dokar zama ɗan ƙasa ta ranar 11 ga Yuni 1968 ba ta amince baligi ya riƙe zama ɗan Kamaru tare da na wata ƙasa ba. Riƙe fasfo biyu masu ranar haihuwa daban-daban ya ma fi wannan haɗari.

Abubuwan da ake ɗauka ƙanana ne

Ba duk wanda ya ɓata fasfo ne ya yi da mugun nufi ba. Wani ya rubuta lambar wayar masaukinsa na Makka a shafin ƙarshe. Wata ta bar shi a inda yaro ya samu biro. Wani ya kai an lulluɓe shafin hoto da roba mai zafi don kada ya lalace, bai san ya lalata shi ke nan ba. Wani kuma wakilin Hajji ne ya haɗa masa katin rigakafin shawara da fasfon da ƙarfen maƙala takarda, har ya huda bango. Duk waɗannan jami'i yana da ikon ɗaukarsu a matsayin taɓa fasfo. Idan littafin kansa ya ware wani gurbi ya ce mai shi ya cika, to wannan gurbin kaɗai za a cika. Sauran shafuka na hukuma ne. Katin shawara a saka shi tsakanin shafuka ko a aljihun jakar fasfo, kuma tun 11 ga Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka babu dalilin sa wani ya gyara kwanan watan da ke jikinsa.

Ruwa da zafi su ma suna ɓarna. Waɗanda suka ga ambaliyar Logone a Yagwa da Kusseri a 2022 da 2024 sun san yadda takardu suke komawa. Fasfon da ya jiƙe har tawadar hatimi ta narke, ko shafuka suka manne, ko ɗinkin tsakiya ya saki, ba a goge shi da dutsen guga, ba a kuma liƙe shi da gam. Ana kai shi ofis ne a nemi sabo. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, kada a bar shi a gaban mota.

Laifin da ya fi duka nauyi shi ne yage shafi. Wanda aka hana shi shiga wata ƙasa aka buga masa hatimin da ke nuna haka, ko ya wuce wa'adin zama a Saudiyya aka dawo da shi, yakan ji shawarar cewa ya cire shafin kowa ya huta. Shafukan fasfo a ƙidaye suke, kowanne da lambarsa, kuma takarda ɗaya da aka cire takan tafi da 'yar uwarta da ke ɗaya ɓangaren ɗinkin. Bayan haka labarin hanawar ba a shafin kaɗai yake ba. Ƙasashen Turai na yankin Shengen suna ajiye bayanan neman biza, har da waɗanda aka ƙi, na tsawon shekara 5 tare da zanen yatsu, Saudiyya ma tana ɗaukar yatsun duk mai shiga. Wanda ya yage shafi bai ɓoye komai ba, sai dai ya ƙara wa kansa laifin jabun takarda, wanda dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta tanadar wa ɗauri. Idan takardar neman biza ta tambaya ko an taɓa hana ka, ka amsa da gaskiya ka yi bayani. Hanawa ɗaya ba ta rufe ƙofa kamar yadda ƙarya take rufewa.

Mataki na uku: ƙirga shafuka kafin neman biza

Fasfon Kamaru na gama-gari shafi 32 ne, kuma ba dukansu ne na biza ba, domin na farko da na ƙarshe na bayanai ne. Ka buɗe naka ka ƙirga waɗanda babu ko ɗigon tawada a kansu. Shafin da ke da hatimi ɗaya tak a kusurwa ba a lissafa shi cikin fararen shafuka, tunda bizar liƙawa tana cin shafi sukutum.

Ƙasashe sun bambanta a abin da suke nema. Dokar biza ta Shengen ta 2009 ta ce a samu fararen shafuka aƙalla 2, fasfon ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma ya rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar da za a baro yankin. Afirka ta Kudu ma fararen shafuka 2 take nema. Saudiyya da Daular Larabawa da Sin suna son ya rage wa fasfo aƙalla wata 6. Wannan yana nufin fasfon shekara 5, ga mai zuwa Umra ko sarin kaya a Dubai, shekara huɗu da rabi ne yake aiki. Kamfanonin jirgi suna duba waɗannan sharuɗɗa tun a wajen awon kaya, saboda ana cin su tara idan suka kai fasinjan da aka ƙi karɓa, kuma su ne za su dawo da shi. Shi ya sa roƙo ba ya tasiri a wurin.

Mu 'yan arewa muna da wata matsala da mutanen Duwala ba su da ita. Ɗan kasuwar Kusseri ko Marwa da ke tashi daga filin jirgin Njamena zai sha hatimi a gadar Ngeli wajen fita Kamaru da wajen shiga Cadi, sannan a filin jirgi, sannan a ƙasar da ya nufa wajen shiga da wajen fita, sannan uku a hanyar dawowa. Hatimi 8 ke nan a tafiya ɗaya, ban da shafin biza. Wanda ke zuwa birnin Guwanzu na ƙasar Sin sau uku ko huɗu a shekara ta wannan hanya zai iya cika fasfonsa tun wa'adi bai yi kusa ba.

Ana iya rage wannan cin shafi ta halattacciyar hanya. Tun 2017 ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, wato Kamaru da Cadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kongo da Gabon da Ikwatoriyal Gini, suka amince 'yan ƙasashensu su yi zirga-zirga ba biza na zaman da bai wuce kwana 90 ba. Don haka mai tsallakawa Njamena cin kasuwa ya dawo ya yi amfani da katin ɗan ƙasa a inda ake karɓarsa, ya bar fasfo a gida. Amma ranar da zai hau jirgi daga can, da fasfo zai shiga Cadi, domin jami'in filin jirgi zai nemi hatimin shiga kafin ya buga na fita. Haka kuma babu laifi ka buɗe wa jami'i shafin da aka riga aka fara amfani da shi ka ce, Yallaɓai, don Allah a buga a nan. Yana iya yarda, yana iya ƙi, kuma ba a jayayya da shi. Bizar intanet irin ta Umra ba ta cin shafi, sai dai har yanzu ana bukatar gurbin hatimi. Ƙasashen Shengen sun fara maye gurbin hatimi da rajistar kwamfuta daga 12 ga Oktoba 2025, amma bizarsu ta liƙawa tana nan da sharaɗinta.

Mataki na huɗu: idan shafuka sun ƙare

Ba a ƙara wa fasfon zamani shafuka. Ko Amurka, wadda ta daɗe tana ɗinka wa 'yan ƙasarta ƙarin shafuka, ta daina tun 1 ga Janairu 2016. Duk wanda ya ce zai ƙara maka shafi, ko zai ɓare tsohuwar biza ya samar maka gurbi, ko zai wanke hatimi da magani, to jabu yake shirin haɗa maka. Mafita ɗaya ce, sabon fasfo, kuma ba sai wa'adin tsohon ya cika ba. A ganina, da zarar fararen shafuka sun koma huɗu, mai yawan tafiya ya fara shiri.

Hanyar ita ce ta neman fasfo da aka saba. Ka yi rajista a shafin hukuma da kanka ko a gaban idonka, ka tabbatar da kuɗin da jerin takardun da ake nema a lokacin, ka biya ta hanyar da shafin ya nuna, ka ajiye rasit. Ranar da aka ba ka, ka je da katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa da tsohon fasfon. Hukuma ta yi alkawarin bugawa cikin sa'o'i 48 idan takardu sun cika, amma wanda ke arewa ya ƙara wa lissafinsa kwanakin kawowa, ya kuma guji gab da lokacin Hajji da lokacin tafiyar ɗalibai. Yara kowa da nasa fasfon, ko da jariri ne, tare da izinin iyaye. Zamanin rubuta yaro a fasfon uwarsa ya wuce.

Idan akwai biza mai sauran rai a cikin tsohon, ka faɗa tun kafin a soke shi, ka roƙi a dawo maka da shi kuma kada a huda shafin bizar. Amurka ta bayyana cewa bizarta da ke cikin tsohon fasfo tana aiki idan aka haɗa shi da sabo, matuƙar duka biyun na ƙasa ɗaya ne, iri ɗaya ne, kuma bizar ba ta lalace ba. Wanda ya ɓare ta ya liƙa a sabon ya kashe ta. Ga sauran ƙasashe, ka tambayi ofishin jakadancinsu da kamfanin jirgin kafin ka sayi tikiti.

Sabon fasfo sabuwar lamba gare shi, kuma wannan yana shafar duk abin da aka ɗaura a kan tsohuwar. Bizar intanet da aka samu da tsohuwar lamba, da rajistar Hajji ko Umra, da bayanan da ke tikiti, duk sai an sabunta su. Saboda haka wanda ya san fasfonsa ya kusa cika ya sabunta shi kafin ya ba wakili sunansa, ba bayan biza ta fito ba. Mazauna Saudiyya masu iƙama sai an mayar da bayanansu kan sabon fasfo a hukumar fasfo ta ƙasar, wato Jawazat, in ba haka ba za a tsayar da su ranar fita.

Idan fasfo ya ɓace ko ya lalace a hanya

Wanda ya rasa fasfonsa ya je komisariya ya kai rahoto, ya karɓi takardar shaidar ɓata, domin da ita zai nemi sabo. Da zarar an kai rahoton, tsohon ya mutu ko da an tsince shi daga baya a ƙarƙashin katifa, saboda ana iya shigar da lambarsa cikin rumbun takardun ɓata da na sata da hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, ta kafa a 2002, kuma wanda ya yi tafiya da shi zai iya kwana a tsare a ƙasar da ba ya jin harshenta. Idan abin ya faru a waje, a nemi ofishin jakadancin Kamaru mafi kusa: akwai a Njamena da Abuja da Riyad, akwai ƙananan ofisoshi a Legas da Kalaba da Jidda. Suna iya bayar da takardar komawa gida da ake kira laissez-passer, wadda ta dawowa ce kawai, ba ta ci gaba da tafiya zuwa wata ƙasa ba. Aikin yana sauri idan mutum yana da hoton shafin bayanansa da na bizarsa a waya, da kwafi guda a hannun wani na gida wanda zai iya turowa. Tsofaffin fasfo da aka soke kuwa a adana su wuri ɗaya da takardar haihuwa, domin ofisoshin jakadanci da yawa suna neman ganinsu don tabbatar da cewa mai neman biza ya taɓa fita ya kuma dawo a kan lokaci.